Wakilin Bolibiya

Su biyu aka zaɓa daga jami'arsu ta Kano, Abdulbasit Shitu da abokinsa Ismail. Ismail ne ya fara ganin sanarwar, shi ya matsa suka nema, kuma shi ne mai bakin. In ana muhawara a aji, Abdulbasit ke tono hujjoji, Ismail ya miƙe ya faɗe su. Taron na matasa ne, a birnin Istanbul, inda ɗalibai daga ƙasashe da yawa ke haɗuwa su kwaikwayi zaman Majalisar Ɗinkin Duniya. Kowa a ba shi ƙasar da zai wakilta, a ajiye matsala a gabansu, su yi ta muhawara har su rubuta ƙuduri su kaɗa masa ƙuri'a. Wata gidauniya ce ta ɗauki nauyin jirgi da masauki. Ana gab da tafiya bizar Abdulbasit ta fito, ta Ismail kuwa shiru.

Ismail bai nuna masa ɓacin rai ba. Ya ciro baƙar kwat ɗin da ya ɗinka domin tafiyar, ya miƙa masa a leda.

"Tafi da ita," in ji shi. "Hannun zai ɗan yi maka tsawo, sai ka riƙa lanƙwasa gwiwar hannu, ba wanda zai gane."

Kafin ya tashi Abdulbasit ya je sallama gida, Sabon Garin Rimi, wani ƙauye a ƙasar Bebeji da ke kallon ruwan Tiga. Mutanen garin asalinsu 'yan tashi ne, an taso su lokacin da ruwan dam ya ci tsohon garinsu, suka koma kamun kifi da noman rani. Ya tarar da mahaifinsa, Malam Shitu, a ƙofar gida bayan la'asar tare da ƙanensa Baffa Murtala. Ya durƙusa ya gaishe su, ya yi musu bayanin tafiyar.

"To, Najeriya za ka tsaya wa ke nan?" in ji mahaifin.

"A'a, Baba. Bolibiya aka ba ni."

"Wace?"

"Bolibiya. Tana can Kudancin Amurka."

Malam Shitu ya dube shi. "Su ba su da yara ne?"

Baffa Murtala kuwa bai damu da wace ƙasa ce ba. Ya ce tunda dai gaban manya za a je, a gaya musu tsadar taki ta ishi mutane. Abdulbasit ya sake bayani cewa kwaikwayo ne, duk ɗalibai ne irinsa. Baffa ya ce ai ko a kwaikwayon ma a faɗa, ba a san wanda ke saurare ba.

A cikin gida kakarsa Iya Kande na zaune a kan tabarma tana yanka tumatir za ta shanya kauɗa. Ita ta raine shi tun yana rarrafe, bayan rasuwar mahaifiyarsa, kuma ba ta taɓa kiransa da sunansa ba sai Maigida.

"Maigida zai tsallake ya bar ni da cefane," ta ce, ba ta ɗago ba. "Sai ka dawo min da Baturiya, in ga ɗakin da za ta kwana."

"Iya, in na samu wadda ta fi ki iya miya ai shi ke nan."

"To ka daɗe a can."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta sa aka ɗauko wani ɗan bokitin roba cike da dambun kifi da ta yi masa. Ya ce ba lallai a bar shi ya shiga jirgi da shi ba. Ta ce ya ce musu ita ta ba shi.

An bar shi ya shiga da shi. Ya sauka Istanbul ana ruwa, irin mai sanyin nan da ba ya tsayawa kuma ba ya ƙarfi. A ƙofar otal ɗin da za a yi taron wata budurwa ta duba sunansa, ta rataya masa kati a wuya. An rubuta sunan Bolibiya da manyan haruffa, nasa kuma can ƙasa, ƙanana. Daga nan har ya bar garin, da sunan ƙasar aka riƙa kiransa.

Abokin ɗakinsa wani dogon saurayi ne daga Jojiya, sunansa Luka. Suka yi musabaha, kowa ya faɗi sunansa da ƙasarsa, sai maganar ta ƙare. Luka ya mayar da abin sauraron waƙa kunnensa ya kwanta da waya a hannu. Abdulbasit ya shimfiɗa sallaya a tsakanin gado da taga, yana ta tunanin ko ya tare wa mutum hanya.

Washegari aka buɗe zama. An sa shi a kwamitin da ke duba ruwa da noma a ƙasashe masu fari. Da ya ga maudu'in tun a Kano ya ji daɗi, don abu ne da ya tashi a cikinsa. Ya karanta duk abin da ya samu a kan Bolibiya, tafkinsu da ya ƙafe, ƙanƙarar duwatsunsu da ke narkewa, manoman dankalinsu na kan tudu. Ya rubuta jawabi, ya haddace, ya maimaita wa Ismail har Ismail ma ya haddace.

Abin da bai shirya masa ba shi ne saurin wurin. Shugabar zama na cewa wa zai yi magana, kwalaye masu sunayen ƙasashe sun tashi sama kamar an tayar da tsuntsaye daga gona. Kafin ya ɗaga nasa an cika jerin. Yawancin yaran sun saba. Wasu ba wannan ne zuwansu na farko ba, sun san juna daga tarukan baya, suna rungumar juna a bakin ƙofa. Turancinsu na fita ba tare da sun tsaya nemo kalma ba. Sai gab da tashi shugabar ta hango shi a layin baya.

"Wakilin Bolibiya."

Ya miƙe ya taka zuwa gaban zauren, hannun kwat ɗin ya rufe masa rabin tafi. Ya fara da gaisuwa, ya gode wa shugaba, ya gode wa wakilai, ya gode wa masu masauki, kamar yadda aka koya masa a yi in an tsaya gaban jama'a. Yana shiga maganar tafkin ke nan aka buga 'yar gudumar katako. Lokacinsa ya ƙare. Ya tsaya da sauran jawabin a baki, sannan ya ce ya gode, ya koma mazauninsa. Ba wanda ya yi dariya. Yawancinsu ma kansu na kan kwamfuta.

Bayan jawabai akan ba da lokaci a tashi a tattauna a tsaye, a nan ake ƙulla ƙawance. Nan da nan zauren ya rabu gungu-gungu. Mafi girma ya taru a kan wakiliyar Faransa, wata yarinya 'yar Lebanon mai saurin magana, ta hau kan kujera tana rarraba aiki. Abdulbasit ya je ya tsaya a bayan da'irar. Sau biyu ya buɗe baki wani ya riga shi. Da ya samu ya ce wani abu a kan asarar ruwa a magudanan ƙasa, wanda ke kusa da shi ya juyo ya ce ya maimaita, ya maimaita, ya sake cewa bai ji ba, sannan ya yi murmushi ya gyaɗa kai irin na wanda bai gane ba kuma ba zai sake tambaya ba.

A wurin cin abinci ya ɗauki faranti ya zaga yana neman inda zai zauna. Teburan cike suke da hira. Ya hango wasu 'yan Najeriya, ya je ya gaishe su da murna. 'Yan Legas ne, tare suka zo daga makaranta ɗaya, suka karɓe shi da fara'a, suka tambayi daga ina. Ya ce Kano. Ɗaya ya ce ya taɓa wucewa ta Kano. Daga nan suka koma hirar wani malaminsu, suna ta ƙyaƙyatawa, shi kuma ya ci shinkafarsa marar yaji yana murmushi a inda ya ga ana murmushi. Da ya koma ɗaki ya buɗe dambun Iya ya ci da burodi. Luka ya shaƙi iska, ya dubi bokitin, ya tashi ya ɗan buɗe taga. Tun daga ranar, in zai ci sai ya fita da shi matattakalar bayan otal, inda ma'aikata ke shan taba.

Ya kira gida. Wayar mahaifinsa sai an fita bakin masallaci take samun sabis, don haka maganar tana yankewa.

"Ya garin? An sauke ku lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Komai lafiya."

"Ana ba ku abinci?"

"Sosai."

"To madalla. Murtala na tambaya ko ka faɗa."

Ya ce zai faɗa. Ya nemi a ba shi Iya, aka ce ta kwanta, mura ke damunta. Ismail kuma ya cika masa waya da saƙonni: ya jawabin, sun tafa, turo hotuna. Ya tsaya a gaban tutocin da aka jera a harabar otal ya ɗauki kansa hoto ya tura. Ismail ya sa hoton a shafinsa ya rubuta, "Jakadanmu." Kafin yamma mutane da yawa sun yi ta sa albarka a ƙarƙashinsa, har da waɗanda bai sani ba daga Kiru da Doguwa. Ya karanta su duka yana zaune a matattakala.

A rana ta gaba ya ɗan fara gane tafiyar abin. Ya daina gaisuwa a farkon magana. Ya rubuta sakin layi guda a kan yadda za a tallafa wa ƙananan manoma su lulluɓe magudanan ruwa da siminti, ya kai wa wakiliyar Faransa. Ta karɓa idonta na kan kwamfuta, ta ce, "Na gode, Bolibiya," ta ajiye a kan tarin wasu takardun. Da yamma aka yi bikin al'adu, kowa ya sa kayan ƙasarsa. Ya sa farar shaddarsa da hula zanna. A wannan yammacin ya yi farin jini: mutane suka yi ta zuwa suna neman hoto da shi, wata ta roƙi ya ara mata hular, wani ya shafa aikin wuyan rigar yana ta yabo. Da an ɗauki hoton sai su ce sun gode su wuce. Ya tsaya kusa da teburin lemo har ƙafarsa ta gaji, ya karɓi hularsa ya hau sama.

Da safen ranar da za a kammala daftarin ƙuduri ya kira mahaifinsa bai ɗauka ba. Ya kira Baffa Murtala, ya ɗauka, amma muryarsa wata iri, kuma akwai hayaniyar mutane a bayansa.

"Baffa, lafiya? Na ji kamar taro."

"Lafiya ƙalau. Muna kasuwar Tudun Wada ne. Ka yi abin da ya kai ka, za mu yi magana."

Ya san ranar ba ranar kasuwar ba ce, amma ya ce wa kansa wataƙila shi ne ya rikice da kwanaki. Ya shiga zama. Ana cikin jayayya a kan ko a rubuta "ana kira ga ƙasashe" ko "ana ƙarfafa wa ƙasashe gwiwa", ya zaro waya a ƙarƙashin tebur. Yayarsa Humaira, wadda ke aure a garin Ƙofa, ta sa sabon abu a shafinta. Hoton Iya ne, wanda aka ɗauka ranar wani suna, tana hararar mai ɗaukar. A ƙasa an rubuta innalillahi, da cewa za a yi jana'iza da hantsi.

Ya dubi hoton ya daɗe. A gaban zauren wakilin Japan na magana a kan kuɗin bincike. Abdulbasit ya kifa kwalinsa a kan tebur, ya tashi, ya bi ta bayan kujeru yana cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri, har ya kai ƙofa.

A farfajiya ya kira Humaira. Tana ɗauka ta fashe da kuka.

"Abdul, wallahi na manta kana gani. Baba ya ce kar a gaya maka sai ka dawo. Ka yafe ni."

"Yaushe?"

"Da asuba. Ƙirjinta ne ya riƙe. An nemo mota za a kai ta asibiti, kafin a fito da ita... Yanzu aka dawo daga kai ta."

"An kai ta?"

"An kai ta."

Ya ce to. Ya ce Allah ya ji ƙanta. Ta ce amin, ta ce kar ya gaya wa Baba ita ta faɗa. Wayar ta yanke, ko ita ta kashe, bai sani ba.

Ya tsaya a farfajiyar. Ma'aikatan otal na jera kofunan shayi a kan dogon tebur domin hutun da ke tafe. Ɗaya ta yi masa murmushi ta nuna masa biskit. Ya duba ko'ina, bai ga wanda zai je ya gaya wa ba. A gida da yanzu an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansu, maza na ta zuwa daga Tiga da Bagauda, kowa ya durƙusa ya ce ya haƙuri, a yi fatiha, ya matsa wani ya zo. Da yana can da yana zaune kusa da mahaifinsa yana amsawa har muryarsa ta dushe.

Ya fita daga otal ɗin ba tare da ya ɗauki rigar sanyi ba. Ya bi titi ya gangara, ya wuce masu gasa masara da shagunan waya, katin na lilo a ƙirjinsa. Bai san inda za shi ba. Da aka kira azahar ya bi sautin har wani masallacin unguwa, ba irin manyan da ake kai baƙi gani ba, ƙarami mai haraba da bishiyoyi marasa ganye. Ya yi alwala da ruwan da ya sa yatsunsa suka ƙage, ya bi jam'i.

Da aka sallame ya ga mutane ba su watse ba, sun fita haraba suna jera sahu. A gabansu, a kan wani tebur na dutse, akwai akwatin gawa lulluɓe da koren ƙyalle, an ɗora ɗankwali mai furanni a wajen kai. Mace ce. Wasu daga cikin mazan sun maƙala ƙaramin hotonta a ƙirji, wata tsohuwa mai kumatu. Abdulbasit ya tsaya a gefe yana shakka, sai wani dattijo mai gashin baki ya kama hannun kwat ɗinsa ya jawo shi cikin sahu, ya gyara masa tsayuwa da kafaɗa, bai ko dube shi ba.

Liman ya yi kabbara. Wannan dai ya san shi, ba sai an fassara masa ba. Da aka zo wurin addu'a ya roƙa wa matar gafara da rahama, ya roƙa wa Iya, daga baya ya rasa wacce yake nufi a cikinsu, ya bar shi a haka. Hawayen da bai zo a otal ba ya zo, ya bar shi yana zuba, don ba shi kaɗai ke yi ba a sahun. Bayan sallama liman ya juyo ya tambayi jama'a wani abu da Turkanci, suka amsa baki ɗaya. Ya sake tambaya, suka sake amsawa, kuma a cikin amsar ya tsinci kalmar halal. Ya gane yafe mata ake yi. Ya ce shi ma ya yafe, da Hausa, a hankali.

Aka ɗaga akwatin. Ba mutum huɗu ke ɗauka su tafi ba, miƙawa ake yi daga kafaɗa zuwa kafaɗa, kowa ya ɗan taɓa ya matsa baya. Dattijon ya tura shi gaba. Katakon ya sauka a kafaɗarsa, ya fi yadda ya zata nauyi, ya taka kaɗan da shi, wani ya karɓa. Aka sa ta a wata koriyar mota. Wani mutum mai jajayen idanu, da alama ɗanta ne, yana tsaye yana karɓar gaisuwa. Da layi ya kawo kan Abdulbasit, mutumin ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya dubi katin wuyansa, ya dubi fuskarsa, ya faɗi wata magana mai tsawo. Abdulbasit ya ce, "Ya haƙuri." Mutumin ya gyaɗa kai. Motar ta tashi, jama'a suka bi ta, harabar ta koma ba kowa sai shi da wata kyanwa a ƙarƙashin teburin dutsen.

Ya koma otal a jiƙe. Yana shiga wakiliyar Faransa ta taho da sauri.

"Bolibiya! Ina ka shiga? Tun ɗazu nake nemanka."

Wannan ne karo na farko da wani ya neme shi a wurin. Sa hannu take so. Daftarinsu na bukatar ƙarin ƙasashe kafin a karɓe shi. Ya sa. Ya duba ya ga sakin layinsa na ciki, an haɗe shi da na wasu, an cire siminti da magudanai, ya koma "inganta hanyoyin amfani da ruwa". Ta tambaye shi ko lafiya, ta ga idonsa ya yi ja. Ya ce sanyi ne. Ta ce ya sha shayi, ta juya tana kiran Kenya.

Da yamma ya zauna a bakin gado, takalmi a ƙafa. Luka na shirin fita, za a kai wakilai yawo a jirgin ruwa. Ya fesa turare, ya ɗauki jaka, ya kai ƙofa, sai ya waiwayo.

"Ba za ka ba?"

"Kakata ta rasu. Yau."

Luka ya cire abin kunnensa. Ya tsaya kamar yana neman kalma a Turancinsa da bai fi na Abdulbasit yawa ba, bai samu ba. Ya ajiye jakar, ya zauna a nasa gadon suna fuskantar juna. Can ya buɗe akwatinsa ya ciro wani abu dogo kamar kyandir, na gyaɗar ƙasarsu da aka tsoma a ruwan inabi mai kauri ya bushe, ya karya biyu ya miƙa masa rabi.

"Tawa ce ta yi," ya ce. "Ta tsufa sosai."

Suka ci tare. Wayar Luka ta yi ta ƙara, abokansa na jira a ƙasa. Ya kashe sau ɗaya, ya kashe na biyu. A na uku Abdulbasit ya ce masa ya tafi, ba komai. Luka ya miƙe, ya dafa kafaɗarsa, ya fita. Abdulbasit ya ji ƙarar takunsa har ta ɓace.

Washegari aka kaɗa ƙuri'a, ƙudurin ya wuce, aka yi ta tafi da ihu. Ya ɗaga kwalinsa tare da masu goyon baya. Aka raba kyaututtuka ga waɗanda suka fi ƙwazo, sauran kowa aka ba shi takardar shaidar halarta. Mutane suka yi ta musayar lambobi suna alkawarin haɗuwa a taro na gaba. Luka ya riga shi tashi, jirginsa na safe ne. Abdulbasit ya farka ya tarar da gadon a gyare.

Daga filin jirgin Kano bai biya makaranta ba, ya wuce tasha ya hau motar Tiga. Ya isa gida an riga an naɗe tabarmin makoki, ƙofar gidan ta koma yadda take. Duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya rasa da wacce zai fara, barka da dawowa ko ya haƙuri, wasu suka haɗa duka biyun a numfashi ɗaya. Yara suka biyo shi suna kallon akwatin.

Mahaifinsa na zaure. Abdulbasit ya durƙusa ya yi masa ta'aziyya, shi ma ya yi masa.

"Ka ji ke nan tun kana can."

"Na ji, Baba."

"Na so a bar ka ka gama. Mutum shi kaɗai a ƙasar wasu, ban ga amfanin a ɗora masa ba." Ya dubi ƙasa. "Ban sani ba ko na yi daidai."

Abdulbasit ya miƙe. Suka tafi maƙabarta tare, uban a gaba. Kabarin na gefen gabas, ƙasar ba ta gama bushewa ba, an kafa fasasshen tulu a wajen kai an jera ƙaya saboda dabbobi. Suka tsuguna suka yi addu'a. Uban ya riga shi miƙewa, ya koma gindin wata bishiya ya jira shi, bai ce ya yi sauri ba.

A hanyar dawowa Malam Shitu ya ce albasa ta kwana biyu ba ta sha ruwa ba saboda zaman makoki, yaran da ke taya shi kuma sun koma makaranta. Abdulbasit ya shiga gida ya sake kaya. Ɗakin Iya a rufe yake da kwaɗo, bai tsaya ba. Ya ɗauki jarkar fetur ya bi uban zuwa lambu.

Injin ban-ruwa na bakin magudana a ƙarƙashin buhu. Ya zuba mai, ya cika bututun da ruwa, ya ja igiya. Bai tashi ba. Ya sake ja, ya yi tari ya mutu. Uban ya riga ya yi nisa, yana can ƙarshen lambun da fartanya yana buɗe bakin fangali. Abdulbasit ya goge hannu a wando, ya taka injin da ƙafa ɗaya, ya ja da ƙarfi, ya kama. Ya tsaya riƙe da tiyo yana jin ruwan na tahowa a cikinsa, har ya fito ya bi kwari ya nufi wajen uban.